A Duba Idon Akuya da Tunkiya Kafin a Ɗura Musu Maganin Tsutsa

Darasi na 1: Tsutsar da ke shan jini

Ku fara karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sau biyu: ido, fata, jini, ja, fari, kati. Su za mu yi ta maimaitawa har ƙarshen wannan babi.

Tsutsar ciki iri-iri ce, amma wadda ta fi kashe awaki da tumaki a wurare masu zafi da damshi ita ce wadda masana ke kira Hemonkus. Siririya ce kamar zare, tsawonta santimita 2 zuwa 3, wato kamar gaɓar yatsa ɗaya. Tana zaune a ɓangare na huɗu na cikin dabba, wanda ke gab da hanji, kuma jini take sha. Tsutsa 1,000 suna iya shanye mililita 50 na jini a rana. Ƙaramin cokali yana cin mililita 5, ke nan cokali goma kullum daga jikin akuya ɗaya. Macen tsutsar tana yin ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ƙwan yana fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su bi raɓa su hau ciyawa, dabba ta haɗiye su. Bayan kamar mako uku sun girma, su ma sun fara zuba nasu ƙwan.

To me zai hana a ɗura wa garke duka magani a huta? Masu bincike sun ga abin da hakan ke jawowa. An fito da wani maganin tsutsa mai suna tayabendazol a 1961, amma zuwa 1964 an samu tsutsar da ba ya kashewa a Amurka. Wani maganin mai suna aibamektin ya fito a 1981, zuwa 1988 an samu wadda ba ta jin sa a Afirka ta Kudu. Dalili shi ne, duk lokacin da aka ɗura wa kowa da kowa, tsutsa masu rauni suna mutuwa, masu taurin kai su rage, su haifi irinsu. An kuma gano cewa dabba 20 zuwa 30 cikin 100 ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsar garke. Su za mu nemo, kuma a ido ake gane su, domin dabbar da tsutsa ta shanye wa jini cikin fatar idonta yana koɗewa.

Darasi na 2: Katin launi

A Afirka ta Kudu, cikin shekarun 1990, wani likitan dabbobi mai suna Faffa Malan da abokan aikinsa suka tsara wani ɗan kati mai hoton ido biyar. Daga sunansa aka samo sunan katin, FAMACHA. Ana samun sa ta hannun likitan dabbobi, tare da horo. Kowane hoto yana da lamba:

1, ja jawur. Jini ya wadata.
2, ja mai sirkin ruwan hoda. Lafiya lau.
3, ruwan hoda. Ana shakka.
4, ruwan hoda da ya koɗe, ya kusa fari. Akwai haɗari.
5, fari fat. Dabbar tana bakin mutuwa.

Ku lura, a nan babbar lamba ba abin murna ba ce. Mai 1 ita ce lafiyayya, mai 5 ita ce marar lafiya. Ku ɗora yatsa a kan kowace lamba ku faɗi launinta.

Rana tana koɗar da katin. Idan kun gama, ku mayar da shi cikin ambulan ko cikin littafi, kuma a sake sabo bayan shekara ɗaya.

Darasi na 3: Buɗe ido

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Kada ranku ya ɓaci idan bai yi ba a karon farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku fito da dabbar fili inda hasken rana yake. Ba a dubawa a cikin ɗaki, ba a dubawa da tocila, ba a dubawa da magariba. Mutum ɗaya ya riƙe ta, ya tallafe haɓarta, ɗaya ya duba. Aikin mataki huɗu ne.

Rufe. Ku sa babban yatsa ku saukar da fatar ido ta sama har ta rufe ƙwayar idon.

Danna. Da wannan yatsan dai, ku ɗan danna idon ciki, a hankali. Idan gashin ido ya lanƙwaso kan yatsanku, dannawar ta isa.

Ja. Da babban yatsan ɗaya hannun, ku ja fatar ido ta ƙasa zuwa ƙasa.

Duba. Wani ɗan nama mai laushi da damshi zai kumburo daga cikin fatar ƙasan. Shi ne abin da muke nema. Ku kara katin kusa da shi, ku ga hoton da ya yi daidai.

Cikin fatar ido ta ƙasa ake dubawa. Farin ƙwayar ido ba ya gaya muku komai, domin ko dabbar da ta fi kowace lafiya farin idonta fari ne. Mai koyo yakan ware ido da yatsa biyu, ya ga fari, ya ce 5. Wannan kuskure ne, kuma yana faruwa ne saboda an tsallake Rufe da Danna. Idan an rufe ƙwayar, ai babu farin da zai ruɗe ku. Idan an danna, naman zai fito da kansa.

Akwai kuma wata siririyar fata da ke leƙowa daga lungun ido ta wajen hanci. Ita ma sau da yawa fara-fara ce, kuma ba ita ake dubawa ba. Ku bar ta. Ku koma ga cikin fatar ƙasa.

Mu sake. Ku faɗa da baki yayin da hannu ke yi: rufe, danna, ja, duba. Ku gwada a kan dabba mai natsuwa sau biyar kafin ku taɓa sauran. Hannu yana rawa? Haka kowa ya fara. Ku sauke numfashi, ku sake: rufe, danna, ja, duba.

Kada ku daɗe riƙe da idon. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ta isa. Idan aka daɗe, ko aka yi ta murza shi, wurin zai yi ja na ƙarya, ku ba marar lafiya lambar mai lafiya. Ƙura da ciwon ido su ma suna sa wannan jan, shi ya sa ake duba ido biyun. In ɗaya ya nuna 2, ɗaya ya nuna 3, ku ɗauki 3. In launin ya faɗa tsakanin hoto biyu, ku ɗauki babbar lambar. Babu rabi a wannan aiki.

Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Har yanzu akwai masu barin kati a aljihu su ce sun haddace launin. Ba ku haddace ba. Idon mutum yana yaudarar mai shi, musamman bayan ya duba dabba goma a jere. Akwai kuma masu tsayawa a inuwar bango don zafin rana. In ba za ku iya tsayuwar minti ɗaya a rana saboda akuyarku ba, to kada ku ɗora wa katin laifi. Kati a hannu, dabba a haske, sannan rufe, danna, ja, duba cikin fatar ƙasa.

Darasi na 4: Wa za a ba, wa za a bari

Mai 4 da mai 5, a ba su magani yau, ba gobe ba. Mai 1 da mai 2, a sake su. Barin su da gangan ne: tsutsar da ke cikinsu ba ta gamu da magani ba, ita ce za ta gauraya da mai taurin kan, maganinku ya daɗe yana aiki.

Mai 3 ana ba ta idan akuya ce, ko ƙarama, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko ramammiya. Haka kuma idan fiye da ɗaya cikin goma na garken sun nuna 4 ko 5, a haɗa da duk masu 3.

Ku shafa ƙasan muƙamuƙi. Kumburi mai taushi kamar an cika ruwa alama ce cewa abin ya yi nisa. Wannan tsutsa ba ta cika sa zawo ba, don haka kada ku jira zawo.

A damina ku duba kowane mako biyu. Da rani, mako huɗu zuwa shida. Ku ja layi uku a littafi: kwanan wata, sunan dabba ko alamarta, lamba. Wadda sunanta ke ta dawowa da 4, a fitar da ita daga garke, don ita ke cika makiyaya da ƙwai. Kuma kafin ku rubuta kowace lamba, ku tabbata cikin fatar ƙasa kuka duba.

Darasi na 5: Ɗura magani

Nauyin dabba ne ke nuna yawan magani. Ku hau sikeli ɗauke da ita, ku sake hawa ku kaɗai, ku ɗebe. Misali, in kwalba ta ce mililita 1 ga kowane kilo 10, tunkiya mai kilo 25 za ta sha mililita 2 da rabi. Ragewa don maganin ya kai ga kowa ɗiban ruwa ne da kwando: tsutsar ba ta mutu ba, kuma ta saba da shi.

Ku girgiza kwalba. Ku sa bakin sirinji ta gefen baki, kan bayan harshe, ku tura a hankali don kada ta shaƙe.

Akuya tana bukatar fiye da abin da ake ba tunkiya, amma likita ne zai faɗa muku nawa, domin maganin da ake kira lebamisol yana kisa idan ya yi yawa. Ba a ba dabbar da ke watan farko na ciki maganin da ake kira albendazol. Ku sa a karanta muku kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama.

Bayan mako biyu ku sake duba idon. In bai fara yin ja ba, ku kira likita. Ko tsutsar ba ta jin maganin, ko kuma tsutsar hanta ce, ko kaska, ko yunwa.

Darasi na 6: Makiyaya

Yawancin 'ya'yan tsutsar suna can ƙasa-ƙasan ciyawa. In ciyawa ta gaza santimita 10, ku canza wuri. Akuyar da ke cin ganyen itace ba ta kwasar tsutsa kamar mai kiwo a ƙasa. Ku ɗaga abinci da ruwa sama, kada kashi ya faɗa ciki.

Darasi na 7: Sabuwar dabba

Ku ware ta, ku duba idonta, likita ya ba ta magani kafin ta shiga garke.

Aiki: ku duba dabba biyar, ku rubuta lambar kowace, ku zo da littafin da katin a zama na gaba.