Yadda za ka shigar da bayanan majiyyaci a kwamfuta ba tare da ka juya masa ƙeya ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya da fayil na takarda kafin asibitinmu ya koma kwamfuta. An huta da cigiyar kati, an huta da yawo da takarda ana neman wanda zai iya karanta rubutun likita. Amma a makon farko wata dattijuwa ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ni kike dubawa ko akwatin?" Da gaskiyarta. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da majiyyata, sai ya yi kusan biyu a kan kwamfuta da aikin tebur.

To, fara da gyara zama. Karkata allon yadda kai da majiyyacin za ku gani. Kada ka taɓa madannai sai ya gama faɗin abin da ya kawo shi. Tambaye shi cikakken suna da ranar haihuwa ka gwada da na allo, don masu suna ɗaya suna da yawa. In ka rubuta, karanta masa. Sau da yawa a nan ne mutum yake tuna cewa wani magani yana sa masa ƙaiƙayi.

Babbar jaraba ita ce kwafo bayanin jiya a liƙa a na yau. Na taɓa ganin fayil da ya kwana huɗu yana cewa akwai robar fitsari a jikin mutum, alhali tun ranar farko aka cire ta. Kowa ya kwafi na gabansa, har da ni. Gara layi uku na abin da idonka ya gani yau.

Gargaɗin da ke faɗowa a allo kuwa, yawansa kan sa hannu ya saba da rufewa. Na magani dai, tsaya ka karanta.

Kalmar sirrinka kada ka ara wa kowa, komai sauri, domin duk abin da aka taɓa da sunanka ake ajiye shi.

Sai ranar da na'ura za ta tsaya, kuma za ta tsaya. A Mayun 2017 harin kutsen kwamfuta da ake kira WannaCry ya sa asibitocin Ingila soke ganin likita kusan 19,000. Ajiye fom na takarda a inda kowa ya sani. In na'urar ta dawo, shigar da lokacin da aka ba da maganin, ba lokacin da kake rubutawa ba, kada na bayanka ya ɓata lissafin allura ta gaba.