Yadda za ka sa tayar mota ta juya a kwaikwayon iska na OpenFOAM

Tayoyi da ramukansu kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na turjiyar iskar da ƙaramar mota ke sha, don haka kada ka bar tayoyin a tsaye a OpenFOAM, manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yadda iska ke gudana.

1. Ware kowace taya daban da jikin mota, ka ba ta sunanta, kafin snappyHexMesh ya saƙa raga, wato shirin da ke yanka sararin iskar zuwa ƙananan gidaje don lissafi.

2. Nutsa ƙasan tayar kaɗan cikin titi. In ta taɓa shi a siririn layi kawai, ragar wurin lalacewa take yi.

3. Lissafa saurin juyi: raba gudun mota da rabin tsayin taya. Mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, da rabin tsayi mita 0.3, zai ba ka radiyan 100 a daƙiƙa (radiyan ma'aunin kusurwa ne).

4. Buɗe fayil ɗin 0/U, inda ake rubuta gudun iska da na kowane bango, ka sa wa tayar rotatingWallVelocity, umarnin da ke sa fuskarta ta juya. Abu uku yake nema: tsakiyar taya, layin da take juyawa a kai, da wancan 100 ɗin. Titin ma ka ba shi gudun iskar da ke shigowa, tunda a kwaikwayon mota tana tsaye ne, iska da titi ke tafiya.

5. Kunna simpleFoam, shirin da ke yin lissafin, sannan ka duba sakamakon a ParaView, manhajar da ke nuna shi a hoto. Nan ne da yawa ke tafka kuskure. Ƙasan taya ya bi titi, samanta kuma ya tunkari iska. In ka ga akasin haka, sauya alamar lambar juyin, wato 100 ya koma -100.

Wannan dabara ta wadatar ga taya mai sumul. Rim mai yatsu kam, sai ka koma ga MRF, dabarar da ke lissafa iskar da ke tsakanin yatsun kamar yankin yana juyawa.