Yadda Ake Zaɓar Malamin Lesin Na Lissafi Ko Fiziks

Da yaro ya shiga aji uku na babbar sakandare sai hankalin iyaye ya tashi: ga WAEC, ga NECO, ga JAMB, kuma jami'a na neman kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. A irin wannan gaggawa ne ake ɗauko duk wanda aka ce ya iya lissafi a unguwa. To, iya lissafi daban, iya koyar da shi daban.

Da farko, gano inda gizo ke saƙar. Duba littattafan ɗanka da takardun jarrabawar zangon da ya wuce, ka kuma je ka ga malaminsa na makaranta. Sau da yawa yaron da ke kuka da fiziks, tun a ƙaramar sakandare aka bar shi a baya wajen aljabara. Wanda bai iya fitar da t daga ƙa'idar lissafin gudu ta v = u + at ba, ko sau goma aka yi masa bayanin gudun mota, wurin lissafin zai cije.

Sai ka yi cigiya wurin iyayen da malamin lesin da kake son ɗauka ya taɓa koya wa 'ya'yansu. Takardar NCE ko digiri tana da amfani, amma shaidar iyayen ta fi nauyi a wurina.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan lamarin: a yi darasin gwaji, kai kuma ka zauna a gefe ko da ba ka san komai a fannin ba. Lura da wanda biro ke hannunsa. In malam ne ke ta warware tambaya bayan tambaya, yaro na gyaɗa kai kawai, to kallo ya sha, bai koyi komai ba. Malamin kirki zai fara da jarraba yaron, ya bar shi ya yi kuskure, ya tambaye shi yadda aka yi ya samo wannan amsa. Ka ga ko yana iya sauko da bayani cikin Hausa, da misalin guga a rijiya ko birkin Keke Napep, sannan ya mayar da shi Turancin da za a yi jarrabawa da shi. Wanda ke tsawa ko kiran yaro daƙiƙi, sallame shi tun ranar, domin tsoro ne ya raba yara da yawa da lissafi.

Na huɗu, tambaye shi tsarin jarrabawar. A JAMB, tambayoyi 180 ne cikin awa 2 a kwamfuta, wato kusan daƙiƙa 40 kowace tambaya, sauri ake bukata. A WAEC da NECO kuwa ana ba da maki a kan matakan aiki, fiziks kuma yana da firaktikal na awo da zana giraf. Ya nuna maka manhaja da tambayoyin shekarun baya da zai yi aiki da su. Duk wanda ya yi alkawarin samo amsa kafin ranar jarrabawa, guje shi. Ana iya riƙe sakamakon yaro ko a soke shi saboda haka.

Daga nan ku daddale kuɗi, ranaku da tsawon darasi tun kafin a fara. A yi karatun a falo ko zaure, ƙofa a buɗe; in 'ya mace ce, a samo malama, ko mahaifiyarta ta kasance kusa. Bayan wata guda, ciro tambayoyi biyar daga abin da aka koyar, ka ba yaron ya yi shi kaɗai, sannan ka kai wa malaminsa na makaranta ya duba.