Yadda ake ƙera motar kwali da caki tare da 'yan matanel

Yaron Garwa, a arewacin Kamaru, ba a koya masa ƙera mota. Tun yana rarrafe yake ganin yayyensa na fere karan dawa suna yi mata taya da mataccen silifa. Abin da ya rage wa malamar matanel, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, shi ne ta shigo da wannan wasa cikin aji, ta yadda ɗan shekara 4 ko 5 zai yi da hannunsa ba tare da ya ji ciwo ba.

Fara da aike gida mako guda kafin ranar. Kowane yaro ya zo da kwalin sukari ko na shayi, marafan roba guda huɗu, da ƙaramar gorar ruwa. A nan ne za ki buɗe ido sosai. Ƙasarmu ta auduga ce, gorunan maganin feshi na yawo a gidaje, ga kuma waɗanda aka sayar da fetur ɗin zuwa-zuwa, wato na sumoga, a ciki. Shinshina kowace gora. Wadda kika ji wani wari, jefar da ita, kada ki ce za ki wanke. Gwangwanin sadin ma ban yarda da shi ba, bakinsa reza ne. Sauran ki wanke da sabulu ki shanya.

Duk aikin wuƙa da wuta naki ne, kuma da daddare a gida. Ɗora ƙusa a garwashi ki huda tsakiyar kowane marfi, sannan ki yi huji biyu a kowane gefen kwalin. Gam kuwa ba sai an saya ba: dama cokali biyu na sitacin rogo da ruwan sanyi, ki zuba tafasasshen ruwa kina juyawa har ya yi kauri kamar koko. Yi shi da safe, don idan ya kwana a zafin garin nan tsami yake yi.

A aji, zaunar da su biyar-biyar a tabarma. Su zura tsinken tsintsiya mai kauri ta hujin, su sa marfi a kowane baki, ke kuma ki toshe da ɗan guntun kara don kada taya ta zame. Daga nan a ba su ƙyallayen da kika roƙo wajen tela su manna. A ɗaura zare a gaba, mota ta tashi.

Za ki ga wata taya ta karkace, wani ya manna ƙofa a rufi. Ƙyale shi. Na sha ganin malama ta karɓe aikin ta gyara tsaf don iyaye su yaba, yaron kuwa ya koma gefe yana tsotsar yatsa.

Caki ya fi sauƙi: 'ya'yan tsamiya ko tsakuwa goma a gora, yara na ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaure marfin tam ki naɗe da salatif, kuma ki sa ido kan masu tura abu a hanci. A ajiye cakin a aji har 11 ga Fabrairu, ranar bikin matasa, su fita maci da abinsu.