Yadda ake renon ɗan kunkurun akwati daga ranar da ya fasa ƙwai

Kunkurun akwati, wanda masana suke kira Terrapene, asalinsa Amurka ne da Meziko, kuma ya samu wannan suna ne saboda wata gaɓa da ke ƙoƙonsa na ƙasa, wadda take ba shi damar janye kai da ƙafafu ya rufe kansa ruf kamar akwati. Abin da mai reno zai fara sani shi ne, ɗan da aka ƙyanƙyashe bai iya wannan rufewa ba, domin gaɓar ba ta soma aiki sai bayan wasu shekaru. Yakan fito daga ƙwai bayan kwana 70 zuwa 90, tsawonsa kusan santimita 3, ƙoƙonsa da taushi, kuma ba shi da wata kariya face ɓuya. Don haka a daji yake shafe shekarunsa na farko a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye mai danshi, inda ido bai cika ganinsa ba, kuma aikin mai reno shi ne ya samar masa irin wannan mazauni a cikin gida.

Idan ya fito za a ga ragowar gwaiduwa manne a cikinsa. Kada a taɓa ta, kada a yi ƙoƙarin cire ta, domin ita ce abincinsa na kwanakin farko, kuma idan ta fashe ƙwayoyin cuta za su samu hanyar shiga jikinsa. A ajiye shi a ƙaramin mazubi mai murfi da 'yan huji, a shimfiɗa masa takardar goge hannu mai tsabta da aka jiƙa, a riƙa sauya ta kullum har gwaiduwar ta shige cibiya ta rufe, abin da yakan ɗauki kwanaki kaɗan zuwa mako biyu. Ƙin cin abinci a wannan lokaci ba abin tayar da hankali ba ne.

Bayan haka sai a mayar da shi mazauninsa. Robar ajiye kaya mai faɗi wadda ba a hango waje ta jikinta ta fi akwatin gilashi, domin ɗan kunkuru bai gane gilashi ba, sai ya wuni yana tura shi yana neman hanyar fita. A zuba masa ƙasa mai laushi wadda ba ta da taki ko maganin ƙwari, a gauraya da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, zurfin kamar santimita 5 zuwa 8 yadda zai iya binne kansa, sannan a rufe samanta da gansakuka da busasshen ganye. A guji tsakuwa da yashi zalla, domin yana iya haɗiye su su toshe masa hanji, haka kuma a guji garin katako mai ƙamshi, saboda mansa yana cutar da numfashi.

Danshi shi ne ginshiƙin wannan reno, kuma a ganina a nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke yin asara. Mutane sun saba ɗaukar kunkuru a matsayin dabba mai jure fari, amma jiki ƙarami irin wannan yana rasa ruwa cikin sauri, kuma kwana biyu a busasshen wuri ƙarƙashin fitila mai zafi sun isa su galabaitar da shi. Ana so laimar iskar mazaunin ta tsaya tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Ƙasar ta zama idan an dunƙule ta a hannu za ta haɗe, amma ruwa ba zai ɗiga ba. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, a rufe wani sashe na saman robar don laimar ta zauna. Ban da wannan, kullum a tsoma shi na minti 10 zuwa 15 a ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, mai reno yana tsaye a kansa, domin a nan yake sha kuma a nan yakan yi kashi. Kwanon ruwan da ke cikin mazaunin ma ya zama marar zurfi ƙwarai, saboda ɗan da ya kife a ruwa ya kasa juyawa zai iya mutuwa ko da ruwan bai kai gaɓar yatsa ba. Idanun da suka faɗa ciki, fata mai yamushewa da nauyi da ke raguwa alamu ne na bushewar jiki.

Game da zafi, a sa fitila a gefe guda kawai yadda wurin shan ɗumi zai kai digiri 29 zuwa 30 a ma'aunin Selsiyas, ɗaya gefen kuma ya tsaya kusan 22 zuwa 24, sai shi da kansa ya zaɓi inda yake so. A auna da ma'aunin zafi, kada a dogara da jin hannu. Yana kuma buƙatar fitilar UVB, wato mai fitar da wani nau'in haske da ke cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, ta kimanin awa 12 a rana, domin da wannan haske jikinsa yake haɗa bitamin D3, wanda idan babu shi kalsiyam ba zai shiga ƙashi ba, sai ƙoƙo ya yi laushi ya karkace. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga, kuma ƙarfinsa yana raguwa ko da ƙwan fitilar yana ci, saboda haka a sauya shi bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinsa. A shekarar farko ba a barinsa ya yi barcin hunturu irin na manya, a bar masa ɗuminsa da abincinsa har shekara ta zagayo.

Babban kunkurun akwati yana cin nama da tsirrai, amma ƙarami ya fi karkata ga abin da yake motsi. Tana, wato tsutsar ƙasa, ita ce kan gaba, a yanka ta daidai bakinsa, sai ƙananan gyare da ƙananan katantanwa, muddin an tabbata ba daga wurin da aka fesa magani suka fito ba. A ba shi da safe bayan ya ɗumama, kullum ko bayan kwana ɗaya, a ajiye abincin kusa da maɓoyarsa a ja da baya, domin da yawa ba sa ci idan ana kallonsu. Ina ba da shawara a riƙa haɗa masa ganye mai duhun kore da gogaggen karas ko kabewa tun yana ƙarami, ko da zai tsallake su, saboda wanda ya saba ganinsu da wuri yakan karɓe su daga baya, kuma su ne suke kare shi daga ƙarancin bitamin A da ke kumbura idanu. A barbaɗa garin kalsiyam a abincin sau biyu ko uku a mako. Gyaren da bai ci ba a cire shi kafin dare, kada ya ciji ɗan yana barci.

A rage ɗaukarsa a hannu, a bar shi ga lokacin tsomawa da awo, wanda ya kamata a yi kowane mako da ma'aunin gram a rubuta. Idan ana renon 'ya'ya da yawa a wuri guda, a lura da wanda ake danne wa abinci ko ake cizon wutsiyarsa a ware shi. Kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, kumburi a gefen kai ko ƙin ci na tsawon mako biyu bayan gwaiduwa ta shige, duk suna buƙatar likitan dabbobi da ya san masu jan ciki. A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, domin kunkuru yana ɗauke da ƙwayar Salmonela ko da yana da lafiya, wanda hakan ne ya sa tun 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, kuma bai dace yara ƙanana su riƙa wasa da shi ba.

Jihohin Amurka da dama sun hana ɗauko kunkurun akwati daga daji, kuma yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji da tsirrai a duniya, ta sa cinikinsa tsakanin ƙasashe ƙarƙashin izini, saboda yawansa yana raguwa. Wanda ya tsinci ɗa a daji ya bar shi inda ya gan shi, wanda kuma ya rena a gida kada ya sake shi daga baya, domin yana iya kai cuta ga na daji. Mai ɗaukar wannan nauyi ya kuma yi tanadin wanda zai karɓe shi bayansa, tun da kunkurun akwati yakan rayu shekara 40 zuwa 50, wasu ma suna wuce haka da nisa.