Kurakuran da ake yi kan ƙarancin sinadarai a jiki da ciwon damuwa

Mace ta haihu, an yi wata biyu jikinta a mace, ba ta son hira, barci ya ƙaurace mata. A gidaje da yawa a Bauchi, abin da za a fara cewa shi ne iska ta taɓa ta, ko kuma ba ta da tawakkali. Wannan kuskuren ya fi kowanne ci mini rai, domin addu'a ba ta hana gwajin jini. Jinin da ta zubar wajen haihuwa yana iya barin ta da ƙarancin sinadarin ayon (wanda jiki ke haɗa jini da shi), mai kawo kasala da jiri da ƙuncin zuciya. Ƙarancin sinadarin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, shi ma yana rage aikin tayirod, wato wata gaɓa a wuya mai daidaita ƙarfin jiki, mutum ya yi sanyi ya riƙa mantuwa. A kai ta asibiti a auna. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin unguwa, akwai Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Wasu kuma kemis suke nufa, su sayi maganin ƙarin jini da ƙwayar zinki su yi ta sha. Gaskiya ne bincike ya sha gano zinki ƙasa a jinin masu ciwon damuwa, amma wanda ke cikin damuwa dama ba ya cin abincin kirki, don haka ba a nan ake gane wanne ya jawo wanne ba. Babban mutum da ya daɗe yana shan zinki fiye da miligiram 40 a rana, hanjinsa zai kasa ɗaukar sinadarin tagulla, ƙarancin jinin da yake gudu ya same shi. Mai sikila kuwa, musamman wanda ake yawan ƙara wa jini, kada ya sha ayon sai da izinin likita.

A cikin gida ma ana asara. Shayi mai kauri a kan abinci yana hana jiki ɗaukar ayon ɗin wake da zogale. A jinkirta shi kamar awa ɗaya, a maye gurbinsa da lemon zaƙi ko gwaiba. Hanta, kifi, ƙwai, gyaɗa da riɗi suna da amfani, kuma geron da aka jiƙa ya yi tsami, irin na koko, ya fi sakin sinadaransa. Tun 1993 dokar Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri, sai dai gishirin da ya wuni buɗe a rana yana rasa shi. A sayi na leda a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, a adana shi a rufe.

Mafi haɗari shi ne wanda likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora kan magani, ya ajiye shi don ya fara shan sinadarai. Sinadarai suna cike giɓi ne kawai idan akwai giɓin. Ƙuncin da ya kai mako biyu yana buƙatar likita, wanda kuwa ya fara maganar kashe kansa, a ranar za a kai shi.