Yadda baƙo zai hau bas a Istanbul ba tare da ya yi asara ba

Duk wanda ya sauka Istanbul, ko yawon buɗe ido ya kawo shi ko saro kaya a Laleli da Merter, ya fara mallakar Istanbulkart, katin biyan kuɗin mota na birnin. Bas ɗin gwamnati na IETT ba ya karɓar tsabar kuɗi, direba kuma ba ya sayar da tikiti. Katin ana sayensa ne a na'urorin da aka rubuta wa Biletmatik a tashoshin jirgin ƙasa da bakin tashar jirgin ruwa, sai wasu ƙananan shaguna kusa da manyan tashoshi. Kati ɗaya ne na bas da tarago (tram, jirgin da ke bi ta kan titi) da jirgin ƙarƙashin ƙasa da na ruwa. Idan za ka zuba masa kuɗi, ka tanadi ƙananan takardun lira, domin duk abin da ka saka wa na'urar kan katin zai hau, babu canji. Ka cika shi tun da rana, saboda yawancin wuraren tsayawar bas na cikin unguwa ba su da na'ura.

Ta ƙofar gaba ake shiga, a ɗora kati a kan na'urar da ke gefen direba, a fita ta tsakiya ko ta baya. Kafin wurin saukarka ka danna maɓallin da ke jikin sanda; in ba wanda ya danna kuma ba mai jira, direba wucewa zai yi. Lambar bas kaɗai ba ta isa ba, ka karanta sunan unguwar da ke goshinsa, don lamba ɗaya ce take zuwa take dawowa. A nan baƙi suka fi ɓata: lamba daidai, tsallaken titi ba daidai ba.

Metrobüs sha'aninsa daban. Dogayen motoci ne masu hanyarsu ta kansu a tsakiyar babban titi, an buɗe shi a 2007, yana tashi daga Beylikdüzü ya haye gada zuwa Söğütlüçeşme a ɓangaren Asiya, dare da rana. A bakin tasha ake biya kafin a shiga, kuma kuɗin tafiya mafi nisa ake fara cira, saboda haka katin da ya kusa ƙarewa ba zai buɗe maka ƙofa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne motocin nan ta hannun hagu suke bi a hanyarsu, saɓanin sauran motocin garin. Wanda ya saba duba gefe ɗaya zai iya leƙa kai ta inda ba nan motar take fitowa ba. Kada ka taka hanyar, kada ka tsaya a gaɓar dakali, ka bi gadar sama ko da ta yi maka nisa. Ba kowace mota ce take kaiwa ƙarshe ba: 34BZ a Zincirlikuyu take tsayawa, 34AS kuwa tsakanin Avcılar da Söğütlüçeşme take. Mai zuwa Laleli ko Sultanahmet ya sauka a Cevizlibağ ya kama tarago na T1.

'Yan sane a bakin ƙofa suke aiki, lokacin turereniyar shiga da fita, don a nan ne ba ka bambance turi da laluben aljihu. Safiya daga 7 zuwa 9 da yamma daga 5 zuwa 8 cunkoso ya fi tsanani, kuma wanda ba aiki zai je ba bai da dalilin shiga cikinsa. Jakar goyo ta dawo ƙirji, waya ta bar aljihun baya. Babbar riga da kaftani suna da aljihun gefe mai faɗin baki, hannu yana shiga ya fita ba ka ji ba, don haka dalar saro kaya ta zauna a ɗamara ƙarƙashin tufa, a raba ta gida biyu. Katin bas ka ware masa aljihunsa shi kaɗai, kada kullum sai ka zaro walat a gaban jama'a. Hajiya ta rataya jaka a gaba ƙarƙashin mayafi, zif a rufe, hannu a kai.

Idan bas ya cika har aka shiga ta ƙofar tsakiya, za ka ga ana miƙa katuna hannu zuwa hannu har wurin direba a dawo da su. Al'adar garin ce, in an miƙo maka ka miƙa gaba. Kujerun gaba na tsofaffi ne da masu juna biyu da masu naƙasa. Manyan ƙunshin kaya kuwa ba na bas ba ne, a nema musu tasi ko a bar wa kamfanin jigilar kaya.

Da dare ka zauna kusa da direba, adireshin masaukinka yana rubuce da Turkanci a takarda, ko da caji ya ƙare. In an yi maka sata ko wani ya takura maka, ka ɗaga murya direba ya ji, ka riƙe lambar motar da lokacin, ka kira 112. Mantuwar kaya a mota kuma 153 ake kira, layin hukumar birnin.